Tsohuwar da Na Goya Zuwa Dutsen Ƙanƙara

Kwanakin baya jikata, wadda take karatun likita, ta same ni a zaure bayan la'asar, ta durƙusa ta miƙo mini wayarta. "Kaka, ga wurin nan naka da kake damun mu da labarinsa," in ji ta. "Yau suka buɗe shi." Na lalubo tabarau na sa. Dutsen na fara gani, fari fat, ya tokare sama, kuma shi kam bai canja ba. Amma abin da ke ƙarƙashinsa ban gane shi ba. Hanya ce ta siminti da ƙarfen dafawa a gefe, ga fitilun lantarki, ga gidajen bene, ga jirage masu saukar ungulu suna sauke mutane suna tashi, kowa a cikin taron ya ɗaga waya sama. Na ce mata ba nan ba ne. Ta yi dariya ta ce nan ne mana, ai ga sunan a rubuce. Na mayar mata da wayarta, don na gane hanyar da na taka da ƙafata a can ta tafi, kamar yadda rijiyoyin ƙuruciyata suka tafi a nan.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya sa wani dutse na ƙasar Indiya ya zauna mini a rai ba, sai sun san yadda muka tashi a Damagaram. A unguwar Zango aka haife ni, gidan dukawa. Da warin jima da bagaruwa muka buɗe hanci, da muryar Baba yana karatu ƙasa-ƙasa yana huda fata da basilla. In bazara ta kama, gidan ba shi da wani zance sai na ruwa. Tapki ya ƙafe ya tsattsage, duwatsun unguwar Birni su ɗauki zafin da ko ƙadangare ba ya daɗewa a kansu. Tun da jijjifi Iya take tashin mu, mu kora jaki da tuluna zuwa rijiya a bayan gari. Har yau kunnena yana riƙe da ƙarar guga in ta faɗa rijiyar da ta janye: ba ta cewa tsundum, sai wani ɗan tim a kan laka. Mata su jera tulunansu su zauna jiran ruwa ya tsatso, ana hira, ana faɗa, ana shiryawa, rana tana hawa. Abin da muka samo kuma Iya ta san wurin kowane ɗigo. Tsarin gero na awaki ne, ruwan ɗauraya na wanki ne, Baba ma a gindin ɗan lemonsa yake alwala don itacen ya samu rabonsa. Yanzu ina zaune a ƙofar gida sai in ga yaro ya tsotsi rabin ruwan leda ya yar da saura a kwata, in buɗe baki in yi magana, sai in fasa. Bai taɓa jin ƙarar gugar nan ba, da me zan kama shi?

Ƙanƙara kuwa ba ta firji muka sani ba. Wata shekara in ruwan farko ya zo da iska sai ta zubo ƙanana kamar tsakuwa, mu fita a guje muna tsinta muna jefawa a baki. Kafin ka kai wa Iya ɗaya ta gani, ta narke a tafin hannunka. Iyakar sanina da ita ke nan har na zama saurayi.

Ina jin ƙishin nan ne ya kai ni aikin ruwa. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, aka ɗauke ni a sarwis ɗin gwamnati da ke haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, daga Dogo har Damagaram Takaya. A lokacin ne aka fara kawo famfunan hannu ƙirar Indiya, masu dogon mariƙi, kuma in ɗaya ya lalace sai ƙauye guda ya koma wa tsohuwar rijiya har Allah ya kawo mai gyara. Sai aka zaɓi kaɗan daga cikinmu aka tura mu can istaj, mu koyo gyaransu. Yau zuwa Indiya ba labari ba ne, maƙwabcina ma can ya kai matarsa asibiti suka dawo. A wancan zamani Indiya a wurinmu waƙa ce da rawa a silima. Iya ta ƙulla mini kuka da daddawa da yaji, tana tambaya ko mutanen can suna da gero.

A ma'aikatar da aka kai mu, wanda yake nuna mana aikin da hannu wani saurayi ne sa'ana, Mohan, mabiyin addinin Hindu, gajere mai faɗin kafaɗa. Faransancina bai amfane ni da komai ba a can. Da guntun Ingilishinsa da guntun nawa da hannuwa muke magana, kuma muka fahimci juna sarai. Shi ma baƙo ne a birnin, ɗan duwatsun arewa ne, zafi yana ba shi wuya ni kuwa ina yi masa dariya. Wata rana yana ta sharce gumi na ba shi labarin bazarar Damagaram, da guga, da laka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "A wajenmu ruwa tsayawa yake yi ya zama dutse, ka taka shi da ƙafa." Na ce wasa yake. Ya ce hutu ya kusa, in bi shi in gani.

A cikin jirgin ƙasa ya yi mini bayanin tafiyar. Can a ƙwanƙolin duwatsunsu akwai wani ɗan gari da ɗakin ibadarsu mai tsohon tarihi. In sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara takan binne garin, kowa ya sauko, har abin bautarsu a ɗauko shi a kawo wani ƙauye na ƙasa ya yi rabin shekara. Kafin su sauko sai masu hidimar ɗakin su kunna fitila ɗaya a ciki su kulle ƙofa. In sanyi ya karye a mayar da abin bautar, a buɗe ƙofar a gaban jama'a. Uwar Mohan tun tana amarya take zuwa buɗewar nan tare da mijinta, a ƙafa. Mijin ya rasu, gwiwoyinta sun mutu, sai ƴaƴanta suke goya ta a kwando suna karɓa-karɓa. A shekarar nan wansa, wanda yake soja, bai samu hutu ba.

"Ni zan goya ta," in ji Mohan. "Kai ka riƙe mana kaya."

Na ce, "Ka san ni Musulmi ne. Ba zan shiga ɗakin ba."

Ya ce, "Ba wanda zai ce ka shiga. Dutsen da kogin na kowa ne."

Ƙauyensu a jikin dutse yake, gonakinsu hawa-hawa kamar matakala. Uwar tasa ƴar ƙaramar tsohuwa ce cikin farin zane, idanunta masu kaifi. Na gaishe ta da Hausa na ce, "Inna, sannu da gida," kuma sunan ya bi ta. Ta yi wa Mohan ƴan tambayoyi, ya amsa, sai na ga ta ja baya kaɗan. Da aka kawo abinci, a tsakar gida aka aje mini nawa, a faranti na daban, ita kuma daga nesa take zuba mini ƙari ba ta bari hannunta ya matso. Mohan ya sunkuyar da kai ya gaya mini dalili. Ta tambayi sana'ar gidanmu, ya ce fata. A wajensu, masu aikin fata ba sa cuɗanya da irin gidansu, ko taɓa juna ba a yi. Abin ya sosa mini rai, don a Zango gidanmu gidan mutunci ne, jakunkunan Baba har Agadas ake kai su. Amma baƙo nake, na haɗiye. Na cire bel ɗina da takalman fata na bari a can, Mohan ya ba ni na roba, da bargo, da hular ulu.

Kar, wato babbar motar haya, ta kai mu inda hanyar mota ta ƙare, daga nan sai ƙafa. Mohan ya naɗe Inna a bargo ya zaunar da ita a wani kwando mai zurfi, ya ratso maɗaurinsa a goshi ya miƙe. Ni na ɗauki ƙunshin kaya na bi su. Abin da na fara ji shi ne kogi. Tun kafin in gan shi nake jin rurinsa a cikin ƙirjina, kuma da muka zagaya wani lungu na gan shi can ƙasa, fari kamar nono, yana dukan duwatsu yana gudu. Na tsaya na kasa gaba. Na tambayi Mohan yaushe yake ƙafewa. Bai gane tambayar ba sai da na maimaita, sannan ya yi dariya ya faɗa wa uwarsa, ita ko murmushi ba ta yi ba, ta dai dube ni. Ta kowane gefe kuma ruwa ne ke tsiyayowa daga jikin dutse, yana ratsa hanya, yana zuba a banza, ba tulu ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Na lissafa a raina na ga daidai lokacin nan bazara ce a gida, Iya tana can bakin rijiya.

Hanyar siririya ce, an sassaƙe ta a jikin dutse, dama bango, hagu rami. Ba mu kaɗai ba ne. Akwai alfadarai da ƙararrawa a wuya, da tsofaffi masu dogara sanda, da mata masu goyo, da wasu mutane masu dogon gashi da toka a jiki suna tafiya ba takalmi a cikin wannan sanyi. Duk wanda ya wuce wani sai ya faɗi wata kalma ɗaya, a amsa masa da ita. Ba mai sauri, ba mai surutu. A ɗan lungu za ka tarar da mutum ya kafa murhu yana dafa shayi, hayaƙin itacensa yana da ƙamshi kamar turaren wuta. Mutane suna kallona, baƙin mutum dogo da hular ulu, wasu yara har suna taɓa mini hannu, amma ban ga wanda ya ɓata fuska ba. Muka kwana a wani zango na rumfuna a tsakiyar hanya, da safe muka ci gaba.

A rana ta biyu itatuwa suka ƙare. Iska ta yi siriri, in ka ja numfashi sai ka ji bai cika ba. Nan na fara taka abin da Mohan ya faɗa. Wani farin tudu ne ya gangaro daga sama ya kwanta a kan hanya, an yanka ƴar turba a tsakiyarsa, bangon ƙanƙara ya fi ni tsawo dama da hagu. Na sa hannu na ɗebo, na matse, na sa a baki. Bai ƙare ba. Na sake ɗebowa. Ina tsaye ina wannan wauta sai na ji ƙara a gabana. Ƙafar Mohan ce ta zame. Ya yi ƙoƙari ya faɗi a kan gwiwa don kada kwandon ya kife, Inna ba ta ji komai ba, amma idon sawunsa ya juya. Kafin mu cire takalmin ya kumbura. Ya yunƙura ya miƙe da kwandon, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya koma zaune.

Rana ta karkata. Gajimare yana taruwa a bayanmu, wani farin gari ya fara saukowa a hankali. Zangon da muka kwana ya yi nisa, garin da za mu ya fi kusa, amma duk hawa ne. Masu dakon mutane da suka wuce mu kowa da nasa goyon, alfadarai kuma da lodi. Wani dattijo ya tsaya ya yi wa Mohan magana yana nuna sama, ko ban ji yaren ba na gane cewa yake kada rana ta faɗi mana a nan, tsohuwar ba za ta kai safe ba.

Na ce wa Mohan, "Kawo in goya ta."

Ya dubi uwarsa. Ni ma da maganar ta fita sai zuciyata ta tsaya a kanta. Na tuna Baba, mutumin da ko hoto bai yarda a rataya masa a ɗaki ba. Ga ɗansa zai goya mace ya kai ta inda za ta yi wa wanin Allah sujada. Na juya abin, na sake juyawa. Abin da na gani a gabana dai tsohuwa ce leɓunanta sun fara baƙi don sanyi, kuma ban san wani karatu da aka koya mini da ya ce in bar ta a nan ba.

Mohan ya yi mata magana a hankali. Ta ƙura wa hannuwana ido. Sannan ta yi tambaya.

"Tana tambaya ko uwarka tana da rai," in ji Mohan.

Na ce tana nan.

"Wai ka taɓa ɗaukar ta?"

Na ce a'a, ita ce ta ɗauke ni. Ruwa dai na sha ɗaukar mata.

Ya faɗa mata. Ta gyara bargonta, ta ce wani abu gajere. Mohan ya ce, "Ta ce ka juyo bayanka."

Ba ta da nauyi, tulu cikakke ya fi ta. Amma hawa da ƙarancin iska suka sa kowane taki ya zama aiki. Mohan yana biye da mu da sanda yana ɗingishi, dattijon nan ya karɓi ƙunshin kayanmu ba tare da an roƙe shi ba. Ina jin numfashinta a ƙeyata, tana maimaita sunayen da take kira ƙasa-ƙasa, ni ma ina maimaita nawa, kowa da abin da yake riƙe da shi, har takin ƙafata ya daidaita da muryoyin biyu. Maɗaurin kwandon ya fara cin goshina, don ban saba ba, na ji wani ɗumi yana gangarowa gefen idona. Sai na ji hannu ya zagayo ta gefen kunnena. Yatsunta ne, sanyi ƙalau. Ta ɗaga maɗaurin kaɗan, ta cusa bakin mayafinta a ƙarƙashinsa, ta danna da tafin hannu ta bar hannun a wurin. Matar da shekaranjiya take zuba mini abinci daga nesa. Can gaba da ta ji ƙafafuna sun fara rawa, ta lalubo wani abu a ƙullinta ta tura mini a baki. Mazarƙwaila ce, irin tamu sak. Na tsotsa na ci gaba.

Ban san tsawon lokacin da na yi kaina a sunkuye ina kallon ƙafafuna ba. Na dai ji ta buga mini kafaɗa tana nuna gaba. Na ɗaga kai. Gajimaren ya tsage, ga dutsen a tsaye. Ni da na tashi ina ce wa na Birni duwatsu, sai na ga ashe tsakuwa ce. Wannan ya cika rabin sama, fari tun daga gindi har inda wuyana ya kasa kai wa, rana mai faɗuwa ta taɓa kansa ya koma kamar garwashi. Duk ruwa ne. Ruwan da zai shayar da Damagaram da jikokin jikokinta, a kwance a sama, shiru, ba mai gadi. Bakina ya ce Subhanallahi, kuma ban taɓa faɗinta na ji ma'anarta kamar ranar ba. A gindinsa, ƙarami kamar akurki, ga ɗakin ibadarsu na baƙin dutse, da ƴan gidaje kewaye da shi.

Muna shiga garin muka ji ganguna da ƙararrawa a bayanmu, da wata busa mai zurfi da suke yi da ƙaton kwanson teku. Muka raɓe. Maza ne ɗauke da wani ɗan gado mai rufi a kafaɗa, an lulluɓe shi da jan ƙyalle da furanni, abin bautar nan ne suka taho da shi a ƙafa tun daga ƙauyen ƙasa, da yawansu ba takalmi. Inna ta haɗa tafukanta a saman kaina. Garin kansa rabinsa a binne yake. Mutane suna haƙa da shebur suna neman ƙofofin gidajensu. Na ga wani ya ture tasa ƙofar ya shiga, ya fito da tukunya a hannu yana dariya, a kan murhu ya bar ta tun kafin sanyi. Ko'ina hayaƙin farko yana tashi daga gidajen da suka yi wata da watanni ba motsin rai. Aka ba mu gefe a wani ɗakin baƙi, wata mata ta ɗaure wa Mohan ƙafa.

Da gari ya waye na goya Inna zuwa bakin filin da ke gaban ɗakin ibadar. A nan na durƙusa na sauke ta, na ce wa Mohan iyakata ke nan. Ya faɗa mata, ta gyaɗa kai. Wasu mata biyu suka kama ta, ta taka da ƙafafunta, a hankali, har ta shige cikin taron. Ni na hau wani dutse daga baya na tsaya. An yi wa ƙofar ado da furanni ruwan ɗorawa tun daga sama har ƙasa. Ana ta kiɗa da busa, sai wani dattijo cikin masu hidima ya matso da mabuɗi, komai ya ɗauke. Jama'a mai yawa haka, a ce ba ka jin komai sai kogi da tsiyayar ƙanƙara daga rufin gidaje. Na ji ƙarar ƙarfe, na ji kukan tsohon katako. Ƙofar ta buɗe a kan duhu, kuma can cikin duhun, daga inda nake, na hango ɗan haske kamar ƙwayar gero. Sun ce fitilar da aka bari ce, ba ta mutu ba. Ni ban shiga ba, ban san yadda aka yi ba, Allah ne masani. Abin da na gani da idona shi ne fuskokin mutanen. Taron ya saki murya gaba ɗaya har duwatsu suka amsa, tsofaffi suna kuka kamar waɗanda aka buɗe wa ɗakin mahaifi bayan doguwar tafiya. Ba addinina ba ne, kuma ban ji yana ja na ba. Amma na tsaya ina tunanin yawan bayin Allah da ke bayan duwatsun duniya, kowa da ƙofar da yake jira.

Da azahar ta yi na gangara bakin kogi in yi alwala. Na tsoma hannu na fizge shi, kamar an sare ni da wuƙa. Ina tsugune ina shawarar yadda zan yi sai na ji ana kirana da wani suna da ba nawa ba. Inna ce, Mohan yana riƙe da ita, shi da sanda ita da ƴar butar shayi tana tururi. Wurin mai shayi ta sa aka ɗumama. Ita da kanta ta riƙa zuba mini a hannu har na gama, tana kallon yadda nake wanke fuska da ƙafa. Mohan ya nuna mini yamma, don a can alƙibla yamma take. Na shimfiɗa bargo a kan wani faffaɗan dutse na tayar da salla. Ashe Mohan ya taɓa gaya mata ba a gilma wa mai salla. Ina cikin raka'a ta biyu na ji ƙararrawar alfadari ta nufo ni, sai na ji muryarta ta tashi, siririya mai kaifi. Mai alfadarin ya ja dabbarsa ya zagaya ta baya. Da na sallame na tarar da ita zaune a gefena, sandar Mohan a kan cinyarta.

Da za mu sauko an samar wa Mohan alfadari, masu dako ma sun samu sarari, amma ta ce ba ta canja baya. Ni na sauko da ita. A gidansu kuma a cikin madafa aka ba ni abinci, kusa da murhu. Wani abokin aikina da aka tura istaj a shekarar da ta biyo shi ya kawo mini labarin cewa ta rasu kafin sanyi ya karye. Zuwan nan namu shi ne nata na ƙarshe.

Da na dawo gida na daɗe ina ɗauke da abin ban faɗa wa Baba ba. Na ba da labarin jirgi, da famfo, da abincinsu mai yaji, na tsallake dutsen. Wata rana bayan la'asar na same shi shi kaɗai a zaure yana ɗinkin wata jaka, na zauna na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Bai ɗaga kai ba har na gama.

"Ka shiga ɗakin?" ya tambaya.

Na ce, "A'a, Baba."

"Sallarka fa?"

"Ban sha ko ɗaya ba."

Ya ja zare ya ɗaure, ya yanke. Ina jiran hukunci. Ya juya jakar ya duba ɗinkin ta ciki.

"Ita tsohuwar, ta samu abin da ta je nema?"

Na ce ta ga an buɗe ƙofar, da idonta.

Sai ya aje basillar a kan fata, abin da ban saba gani ba in rana ba ta faɗi ba, ya dube ni sosai, ya kai hannu ya taɓa tabon da maɗaurin ya bar mini a goshi.

"Da ka zo sauke ta," in ji shi, "ka dai durƙusa sosai ko? Ƙashin tsoho ba ya son a dire shi."

Na ce na durƙusa har ƙasa.

"To, madalla," ya ce. Ya gyara zama ya jingina da bango. "Yanzu koma baya. Faɗa mini zancen ruwan nan da ka ce yana kwance a sama. A hankali, kada ka tsallake komai."